Robobi Huɗu a Aljihu

Ƙarfe sha biyu da rabi na zauna a bencin gareji zan ci abinci. Na sa hannu a aljihun rigar aiki in ɗauko hankici, sai na ji robobi. Na fito da su na baza a tafin hannu. Guda huɗu, baƙaƙe, kowace kamar murfin kwalba. Na daɗe ina kallonsu, abincin na gefe ƙuda na bi.

Wanda ba sana'arsa ba ce ba zai gane abin da robobin nan ke nufi ba, to bari in faɗa a taƙaice. Babbar mota da iska take taka birki. A ƙafafun baya akwai tukwanen birki, cikin kowace tukunya akwai wani ƙaton sifirin. Iska ce ke danne shi mota ta samu tafiya. In direba ya ja hambirki, wato birkin hannu, iskar ta fice, sifirin ya miƙe ya cafke taya. Shi ya sa motar da ta rasa iska ba ta motsi ko da me za ka ja ta. In ya zama dole a kai ta gareji, sai ka ɓalle robar da ke bayan tukunya, ka zura noti, ka ɗaure sifirin ɗin da sifana har ya kwanta. In an gama gyara ka kwance notin, ka mai da roba. In kuwa ka manta, birkin ƙafa zai yi ta aiki lafiya lau, direba ba zai ji komai ba. Hambirki ne ya zama ado. Za ka ja shi, ya yi maka fusss ɗin nan da kunnenka ya saba da shi, ka sauka hankali kwance, alhali ba abin da ke riƙe da motar sai ikon Allah.

Robobi huɗu a aljihuna, noti huɗu ke nan suna can a ɗaure. Motar kuwa ta bar gareji tun ƙarfe sha ɗaya, da buhun siminti ɗari biyar a bayanta.

Direban kuwa mijin ƙanwata ne. Sannu-Sannu ake ce masa a hanya, don ko mai keke ya matsa masa sai ya ba shi wuri ya wuce. Ya girme ni da shekara biyu, amma tunda ya auri ƙanwata dole ya ce min Yaya, kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa faɗin kalmar nan ba tare da ya ja ta ba, kamar mai tauna jijiya. Tiyon iska ne ya fashe masa a bakin gari da yammacin ranar da ta gabata, na je na ɗaure masa sifirin huɗun aka jawo shi.

Ina da ƙa'ida tun ina da ƙarfina. Duk motar da na ɗaure wa sifirin sai na ƙulla jan tsumma a sitiyarinta. Mota ba ta fita da jan tsumma, kowa a garejin ya san wannan. Na ɗaga kai, sai ga tsumman a ƙarshen benci, an ninke shi tsaf gida huɗu. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke ninke tsumman gareji kamar kayan sawa.

Nan na tuna yadda aka yi. Da safe na canza tiyo, na tayar da inji, allura ta hau, na bi da kunne ban ji iska na tsiyaya ba. Kafin in koma kan tukwanen, wani mai tifa ya shigo yana ɓaɓatu wai tun shekaranjiya nake masa yawo da hankali. Na shiga ƙarƙashin tifarsa don in kashe bakinsa. Ina can kwance, gwiwata na zugi, na ji Sannu-Sannu daga sama ya ce, "Yaaya, an gama?" Ni tiyon ne a raina. Na ce, "An gama." Shi kuma tunda Yaya ya ce an gama, ya kwance tsumma, ya ninke, ya ajiye, ya kama hanya.

Na kira lambarsa. A kashe. Na san a kashe take tun kafin in kira. Ba ya tuƙi da waya a kunne. Kashe ta yake ya jefa a akwatin gaban mota, sai ya tsaya, ya sauka ya gama duba motarsa, sannan ya kunna ya kira gida.

Inda zai fara tsayawa ma na sani. Tafiyar awa uku daga garejinmu, ga mota mai kaya, akwai wata doguwar gangara mai lanƙwasa. A samanta akwai fili inda direbobi ke ratsewa su duba mota kafin su sauka. Filin ba a miƙe yake ba, ya ɗan zube ta gaba, a ƙarshensa kuma rumfunan mata ne masu sayar da ruwa da 'ya'yan itace. Direbobin yanzu ba sa tsayawa, wucewa suke kamar an koro su. Sannu-Sannu kuwa ko ana ruwan duwatsu sai ya tsaya. Zai ja hambirki, ya bar inji a kunne, giya a firi, ya sauka da ɗan ƙarfensa ya bi tayoyi yana ƙwanƙwasawa, sannan ya durƙusa ya shiga ƙarƙashi ya zubar da ruwan tankin iska. Shi kaɗai yake tafiya, ba mai sa masa weji, katakon tare taya. Mota mai nauyi kuwa a kan tsakuwa ba nan take take motsawa ba. Takan yi kamar ta tsaya, ta ba ka lokacin sauka, sannan ta fara tafiya ba ƙara.

"Tsoho, lafiya? Gashi ka gani a abincin?"

Rewaya ne, mai gyaran wutar mota. Shekara sha tara muna raba fili ɗaya da shi, rumfarsa na jikin tawa. Na buɗe masa hannu. Ya duba, ya ƙirga da ido, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ta wa?"

"Ta Sannu-Sannu."

"Ka kira?"

"A kashe."

"To sa a zaure. Yanzu-yanzu."

Zauren waya yake nufi, wanda direbobin hanyar nan suka buɗe, mutum ɗari uku da wani abu. A nan ake faɗin inda mota ta faɗi, inda gada ta karye, da wanda matarsa ta haihu. A kowane lokaci ba a rasa wani a kan tudun nan da wayarsa a hannu.

Na ce, "Tayar da motarka. Ƙarfe biyu zai isa. In ka taka da kyau, biyu saura kwata muna can."

"Tsoho."

"Na ce tayar da mota."

Ba zan ɓoye dalili ba, tunda na ɗauko faɗa. Baban Birki ake kirana a hanyar nan. Ba ni na sa wa kaina ba, shekara arba'in ce ta sa min. Ban yi boko ba, ban da takarda ko ɗaya a bango, sunan nan shi ne takardata. A tsallaken titi an buɗe gareji biyu masu kwamfuta, masu fararen riguna, kullum suna leƙen motocin da ke shigowa wajena. Mutum ɗari ukun nan na zaure kuma su ne cina da shana. Saƙon murya ba ya mutuwa. Bayan shekara biyar wani zai tono shi ya kunna wa sabon direba a wajen mai shayi. Sai na ce wa kaina ai zan cim masa, in shiga ƙarƙashi minti goma, in fito, daga ni sai shi sai Rewaya. Na ce wa kaina mutumin da keke ke wucewa ba zai gagare ni kamawa ba.

Na ɗauki sifana biyu muka shiga motar Rewaya. Motar nan abin a gani ce. Mutumin da ke gyara wutar motocin gari, tasa motar da waya biyu ake haɗawa ta tashi, hon kuma sai ya fito da hannu ya bugi ƙofa. Gilashin ɓangarena ba ya sauka. Rana ta buɗe sosai, kujerar na ƙona cinya. Muka fita gari da ƙyar, ta tsakanin masu babura da masu tura kaya.

"Na ce ka bar aikin ƙarƙashi," in ji Rewaya, idonsa na kan titi. "Tun bara nake faɗa maka. Ka zauna a benci ka riƙa nuni da baki."

"In nuna wa wa? Kai?"

"Ni ko a mafarki ba na shiga ƙarƙashin mota. Wuta ta ja ni in mutu a tsaye da mutuncina."

"Taka mota, ka cika surutu."

"Ƙafata na ƙasa. Iyakarta ke nan. Tsohuwa ce, sa'arka."

Na sake kiran Sannu-Sannu. A kashe. Na yi ta kira kamar yawan kiran zai kunna ta. Sau ɗaya hannuna ya je kan lambar ƙanwata, na janye. Me zan ce mata, kuma me za ta iya daga ɗaki?

Ina ta lissafi a kai. Ya bar gari sha ɗaya. Akwai hawa biyu da zai yi da giya ta biyu. Akwai ma'aunin manyan motoci, wataƙila a tsare shi a can. Sai na tuna a ma'auni zai iya jan hambirki, amma wajen a shafe yake kamar faranti, motar ba za ta nuna masa komai ba. Duk lissafin da na yi sai ya fito min daidai da abin da nake so. Mai neman kare kansa bai taɓa faɗuwa lissafi ba, wannan na daɗe da sani a kan wasu, ranar na gani a kaina.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka sha wata kwana, sai ga layin motoci. Ana gyaran titi, an rufe hannu ɗaya. Can gaba wani mutum da jar tuta a tsaye, ko a jikinsa. Motocin ɗaya hannun na ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Rewaya ya fito da kai ya duba, ya dawo, ya raba wayoyinsa biyu, inji ya mutu.

"Don me ka kashe ta?"

"Mota ta fi sittin a gabanmu. Mai zan ƙona?"

"Bi ta gefe."

"Ta cikin ramin? Tsoho, dube ni nan." Ya juyo gaba ɗaya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "In ba ka sa ba, ni zan sa. Amma in ni na sa, za a ce Rewaya ya fara shaye-shaye, ko a ce faɗa muka yi nake ɓata maka suna. Za a tsaya tambaya. Muryarka suka sani. In kai ka ce birki, ba mai musu."

Na ɗauki wayar. Hannuna duk baƙin mai, sai da na goga a riga kafin ta yarda ta buɗe. Na danna na ce, "Salamu alaikum. Duk wanda ke kan tudu, in Sannu-Sannu ya iso a ce masa ya jira ni, ina da saƙo."

Rewaya ya riƙe min hannu kafin in tura.

"Zai jira ka," ya ce. "A ƙarƙashin mota zai jira ka."

Na goge. Na sake. Wannan karon na ce motar tana da 'yar matsala a hambirki, a taimaka a sa mata weji. Na saurara da kaina. 'Yar matsala. Wanda ya ji haka zai ƙarasa shayinsa tukuna. Na goge.

Na rufe ido na danna na uku.

"Jama'a, Baban Birki ne. Ku saurara da kyau. Motar Sannu-Sannu, mai taya goma, ɗauke da siminti, tana hanyar kan tudu yanzu. Ba ta da hambirki ko kaɗan. Na ɗaure sifirin huɗu jiya, na manta ban kwance ba. Ni na manta. Bai sani ba, wayarsa a kashe. Duk wanda ke wajen ya tare shi tun bai sauka ba. Kar ya ɗaga ƙafa daga birki sai an sa weji gaba da baya. A tashi matan rumfa. Don Allah a yi sauri."

Na tura. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Minti hamsin ke nan da na ji robobin a aljihuna.

Wayar ta fara ƙara kamar an taɓa gidan rina. Wani ya ce innalillahi. Wani ya ce yana bayan tudun da awa ɗaya, ba zai kai ba. Wani ya ce, "Baba, da gaske kai ne ko an sace wayarka?" Wani da na san muryarsa, wanda na taɓa ƙin sakin motarsa saboda tayarsa ta cinye, ya yi dariya ya ce, "Ashe Baban Birki ma birkinsa ya fara shanyewa." Wani ya zage shi. Suka kama faɗa a tsakaninsu. Na ajiye wayar a cinya ina kallon mai jar tuta.

Sai ga wata murya, da ƙarar iska a bayanta. Mai facin kan tudu ne, wanda rumfarsa ke bakin filin. Ya ce, "Baba, na ji. Ina da weji biyu, akwai masu tanka biyu a nan da nasu. Bai iso ba."

Layi ya motsa. Rewaya ya haɗa wayoyi, muka tafi kamar tsawon mota goma, aka sake tsayar da mu. Gumi na bin bayana. Na ji ƙishi amma ban iya cewa a miƙo ruwa ba.

Biyu saura ashirin mai faci ya sake magana, a guje yake, numfashinsa na fita sama-sama. "Ga shi can yana hawowa."

Biyu saura ashirin. Ni da na ce sai ƙarfe biyu. Mu a lokacin ko rabin hanya ba mu yi ba.

Daga nan zauren ya yi tsit. Mutum ɗari uku, har mai dariyar nan, ba wanda ya ce uffan. Rewaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu duk da motar a tsaye take. Ni ban yi tunanin komai mai kyau ba. Ƙafafun Sannu-Sannu nake gani a raina, da takalman nan nasa masu ɗaurin igiya, sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Minti bakwai aka yi haka. Na ƙirga su a agogon wayar.

Wayar ta yi ƙara. Lambarsa ce. Na ɗauka.

"Yaaya," ya ce. Ya ja ta yadda ya saba, sai dai muryar na rawa a ƙarshe. "Na ji saƙonka."

Rewaya ya kifa kansa a sitiyari.

Sai wajen uku da kwata muka isa. Tun daga nesa na ga taron. Motoci sun fi goma a filin, har waɗanda ba su taɓa tsayawa a wajen ba ranar sun tsaya. Motar simintin na tsakiya, weji shida a ƙafafunta da duwatsu manya. Matan rumfa sun kwashe kayansu sun koma tsallaken titi, suna tsaye da hannu a ƙugu.

Mai faci ya tare ni da labari tun ban rufe ƙofa ba. Wai yana ganin motar ta ratse ya ɗare matakala ya danne ƙofa da ƙirji yana ihu kar ka ɗaga ƙafa. Sannu-Sannu ya riga ya ja hambirki, ya ji fusss ɗinsa, hannunsa na kan mabuɗin ƙofa. Da ya ga mutum a gilashi ya ɗauka ɓarayi ne, har ya ɗaga ɗan ƙarfensa. Da aka gama sa weji aka ce ya saki a hankali, motar ta yi shiru kamar ba abin da ya dame ta, har wani ya ce ƙarya ce. Sannan ta tafi. Taƙi ɗaya ta yi ta hau katakon, katakon ya yi ƙara.

"Zo ka ga yadda ta cinye min weji, Baba," in ji shi. "Sabo ne fa."

Ban je na gani ba. Na ɗauki sifana na ratsa mutane. Aka buɗe min hanya, ba wanda ya gaishe ni da sunan da aka saba. Wani daga baya ya ce, "A ƙirga masa, kar ya bar ɗaya." Aka yi 'yar dariya. Ban juya ba. Gaskiya ya faɗa.

Na kwanta a tsakuwa, zafinta ya ratsa riga. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa sai da na ja ta da hannu. Kwance notin nan ba aikin gaggawa ba ne, zare ne mai tsawo, juyi bayan juyi. Na kwance na farko, na mai da shi mazauninsa a jikin tukunya, na toshe roba, na ce da ƙarfi, "Ɗaya." Ƙafafun mutane kawai nake gani kewaye da motar. A na uku sifana ta zame ta fasa min ɗan yatsa. Na tsotse jinin na ci gaba. Da na ce huɗu, sai da Rewaya da mai faci suka ja ni ta ƙafa na fito.

Na ce wa Sannu-Sannu ya hau. Ya tayar, iska ta cika, ya ɗan ja baya aka matsar da weji taƙi biyu gaba da taya. Ya ja hambirki. Na ce ya ɗaga ƙafa. Motar ta tsaya. Na ce ya sa giya ya ɗan ja ta. Ta yi nishi ta tsuguna, ba ta motsa ba. Wata daga cikin matan ta yi tsaki ta fara kwaso kayanta.

Ya sauko. Ya ɗauki ɗan ƙarfensa ya bi tayoyin goma ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kamar ba abin da ya faru. Da ya zo wajen tankin iska ya durƙusa, sai ya tsaya a durƙushe. Ya daɗe yana kallon ƙarƙashin motar. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Yau ruwan ya kwana a ciki," ya ce.

Muka koma inuwar motar muka zauna a kan wani dutse. Ya miƙo min gorar ruwansa.

"Ni na cire tsumman," ya ce.

"Ni na ce an gama."

"Da na leƙa."

"Ba aikinka ba ne leƙe."

"To aikin wa? Ni ne mai shiga ƙarƙashinta." Ya karɓi gorar ya sha. "Amma ka iya jawabi, Yaaya. An kunna min sau biyu. Kamar mai karanta labarai."

"Rufe min baki."

"Ni na manta," ya kwaikwayi muryata, ya yi 'yar dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya dubi rumfunan da ke gaban motar. A ƙarƙashin teburin ɗaya akwai tabarma da jariri a kwance, uwar ta dawo da shi.

Bai tambaye ni ƙarfe nawa na gane ba, ni ma ban faɗa ba. Ya hau, ya sa giya ta biyu, ya fara gangarawa, injin na kuka. Muka tsaya har ya sha kwanar farko.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, layin gyaran titi ya ragu. Mai wata tirela da muka yi da shi zai kawo gobe ya kira ya ce tafiya ta taso masa, sai wani lokaci. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na san inda tafiyar za ta kai shi, tsallaken titi ne.

Muna dab da gari ƙanwata ta kira. Na bar ta ta yi ƙara sau huɗu kafin in ɗauka.

"Yaya."

"Na'am."

"Matar wani mai tanka ta turo min saƙonka. Sau uku na saurara." Muryarta a daidai take, irin ta mahaifiyarmu in abu ya wuce kuka. "Ya kira ni daga ƙasan gangara. Ya ce ba komai, wai mutane ne suka cika zuzutawa."

"Ya sauka lafiya."

"Ya ce ba don kai ba da yanzu wani zance ake. Ya ce kana ganewa ka sa a zaure, ba ka tsaya duba sunanka ba. Na ce ai Yayana ne." Ta ja numfashi. "Allah ya saka maka."

Rewaya na jin komai, motar ba ta da rediyo. Bai dube ni ba. Da na ce amin, da an wuce wajen, shi kuma ba zai taɓa faɗa ba, na san shi.

Na ce, "Ba haka aka yi ba."

"Kamar yaya?"

"Sha biyu da rabi na gane. Ɗaya da minti ashirin na sa."

Ina jin ƙarar famfo a tsakar gidanta, ruwa na zuba a bokiti.

"Me kake yi a tsakani?"

"Ina bin sa a mota. Na so in kama shi ba wanda ya ji."

"Da za ka kama shi?"

"A'a."

Ruwan ya cika bokitin ya fara zuba a ƙasa, ina ji. Ba ta kashe famfon ba, ba ta kashe wayar ba. Can ta ce, "To," ta ajiye.

Rewaya ya shiga layin garejinmu a hankali, yana kauce wa ramuka. Tifar mutumin nan na nan inda na bar ta, shi kuma yana zaune a kan taya yana jira, ya sha mur.

"Ka je gida, Tsoho," in ji Rewaya. "Zan ce masa gobe."

Na ce a'a. Na sauka da ƙyar, na tsaya sai da gwiwar ta karɓe ni, sannan na ce wa mai tifa ya matso, ya tsaya a kaina ya ga duk abin da zan taɓa.